Gamba Layi Biyu a Hanyar Darki

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, damina ta zauna sosai, mu uku ne a ofishinmu na Wudil: ni, da injiniyan da ke kula da shiyyarmu, da direba. Injiniya yana shan shayi, direba yana gyangyaɗi a kan benci, ni kuma ina share injin haɗi kamar yadda nake yi kowace safiya kafin in taɓa wani abu. Sai aka bugo daga Kano cewa layinmu da ya bi hanyar Darki ya mutu.

Zan fara bayyana aikin, domin wanda bai san shi ba ya gane abin da ya biyo baya. Kamfaninmu yana binne kebul a gefen hanyoyi. A cikin kebul ɗin akwai zarurrukan gilashi, kowanne siriri kamar gashin kai, su ake kira faiba. Haske ne ke bi ta cikinsu yana ɗauke da maganar mutane da saƙonninsu daga wannan gari zuwa wancan. In kebul ya yanke, sabis ya ɗauke ko ya yi rauni, mai POS a tasha ya zauna yana kallon injinsa, ɗaliban jami'a su fito bakin titi suna ɗaga waya sama. Aikina shi ne haɗa zaren da ya tsinke. Ban yi karatu mai zurfi ba. Daga makarantar koyon sana'a na shiga kamfanin a matsayin mai lura da masu haƙa rami, daga baya aka koya mini haɗi, kuma a kansa na tsufa.

A duk inda aka binne kebul, ana kafa gajerun ginshiƙan siminti a samansa, domin mai haƙa ya san abin da ke ƙasa. Mutanenmu turaku suke ce musu, don sun yi kama da turken ɗaure sa. Ka riƙe maganar turakun nan, a kansu labarin yake.

Injiniya ya jona na'urar awo. Ita tana aika haske cikin zare, ta faɗi nisan inda hasken ya tsaya. Ya karanta nisan, muka loda kaya bisa tsari, tanti a ƙasa, akwatin injin a sama, muka kama hanya. Tun kafin mu isa na gane wurin. Akwai kwalbati, bayan kwalbatin akwai wata tsohuwar ɗorawa, ɗorawar kuwa a gonar kawuna take.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a gonar nan na koyi riƙon fartanya. Mutum ne da ba ya son karkataccen abu. Da igiya yake fitar da kunyar farko, sauran su bi ta. In ya ga takalma a ƙofar masallaci a warwatse, sai ya jera su kafin ya shiga. Duk abin da mutane ke faɗa a kaina na tsanani da son tsari, a wurinsa na samo, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Muka same shi tsaye da malafa, gefensa 'yan ƙwadago biyu sun jingina da diga. A gabansu dogon rami ne sabo, ƙasarsa an tara ta gefe guda. A ƙasarmu haka ake killace gonar rogo: a haƙa rami, a ɗaga ganuwa da ƙasar, a ɗora ƙaya a kai saboda awaki. Kawu ya yi niyyar sa rogo a ƙuryar gonar, ya bar gaban da ke kallon titi ga gero da wake. A cikin ramin ga bakin kebul ɗinmu biyu, baƙi, an datse shi tsaf.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na amsa, na tambayi nasa, muka yi barka da ruwa. Sai da muka gama sannan ya nuna ramin da sandarsa.

"To, ga abinku nan. Yaran nan sun ce saiwa ce."

Babban cikin 'yan ƙwadagon ya ce, "Wallahi, Malam, mun zaci saiwar ɗorawa ce. Diga ta ƙi cin ta, shi ne na sa gatari."

Na tambaye shi ko bai ga wata doguwar leda ruwan ɗorawa a sama da ita ba, domin muna shimfiɗa ta a cikin rami don gargaɗi. Ya ce ya gani, ya ɗauka ledar da ruwa ya binne ce, yanzu ina ne ba a tono leda.

Injiniya ya matso ya gaishe da Kawu cikin ladabi. Yaro ne a kaina, amma mai natsuwa, kuma ya san aikinsa. Kawu ya saurari harshensa ya ce, "Wannan ɗan daga ina?"

"Daga Zariya, Baba."

"Af! Ashe bawana ne. Shi ya sa kuka binne igiya a gonar mutane ba sallama."

Injiniya ya yi dariya ya ce, "Ai mun san Bakano, Baba. Da mun bar ta a sama, da tuni ta isa kasuwa an yi mata kuɗi."

Wasan Kanawa da Zagezagi ya sassauta wurin, amma bai canza abin da ke cikin ramin ba. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce shi bai yi ganganci ba. Ya san akwai waya a bakin gonarsa, shi ya sa ya ja da baya sosai daga turaku kafin ya sa a fara haƙa. Ya nuna mana su. Ga su can a bakin titi, a jere reras da na gonakin maƙwabta, har an shafa musu farar ƙasa. Ban taɓa ganin turakun da aka kula da su haka ba a duk tsawon layinmu.

Injiniya ya buɗe taswirar layin a kwamfutarsa, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce a nan kebul bai miƙe ba. Saboda kwalbatin da magudanar ruwa, masu binnewa sun lanƙwasa shi ya shiga cikin gonar, ya zaga, sannan ya koma bakin titi. Turakun wurin ya kamata su kasance a cikin gona, daidai inda ramin rogo yake.

Kawu ya ce, "A can na same su, ai."

Muka juyo muna kallonsa. Ya ba mu labarin ba tare da ya ga wani laifi a ciki ba. Shekarar da aka binne kebul yana aikin Hajji, mai unguwa ne ya ba da izini a madadinsa. Da ya dawo, ruwa ya riga ya shafe alamar rami. Ya tarar da turakun kowa a bakin titi a layi ɗaya, nasa kawai sun shigo tsakiyar kunyoyi a karkace, suna tare wa shanun huɗa hanya. Ya ce a ransa, wannan aikin 'yan ƙwadagon da suka gaji ne. Ya kira 'ya'yansa, suka tumɓuke su, ya ja igiya daga turken maƙwabcin gabas zuwa na maƙwabcin yamma, ya kafa su a kan layi. Kowace shekara kuma yana sabunta musu farar ƙasa, don kada a ce kayan hukuma sun lalace a hannunsa. Masu sintirinmu suna wucewa a kan babur, su ga turaku a tsaye farare a miƙe, su yi gaba da murna.

A raina na san cewa da ni ne na tarar da su a karkace, ban san dalili ba, hannuna zai yi ƙaiƙayin gyara su.

Aiki ya fi magana gaggawa, sai muka kafa tanti a kan ramin, domin ƙura da yayyafi abokan gabar haɗi ne. Haɗi yana da jeri, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Da farko a faɗaɗa ramin a samu sarari. Sannan a kawo sabon guntun kebul da zai cike giɓin, wato haɗi biyu ke nan, ɗaya a kowane baki. A feɗe baƙar rigar waje, a goge man da ke ciki, a ware zarurrukan bisa launinsu, shuɗi a gaba, sai ruwan lemo, sai kore, sai ruwan ƙasa, har zuwa na ƙarshe. Kowane zare a cire masa rigarsa, a goge shi da auduga da sinadari har ya yi ƙara, a yanke bakinsa da abin yanka na musamman, a kwantar da shi cikin injin. Injin ya daidaita bakunan biyu, ya narka su da ɗan tartsatsi su zama ɗaya. A sa wa mahaɗar ɗan hannun riga na roba a gasa, a naɗe zaren cikin tiren akwatin haɗi. Sai na gaba. Ba na magana in ina haɗi, kuma ba na son a yi mini.

Kawu ya zauna a bakin tantin a kan buzunsa yana kallo har muka gama. Sau ɗaya kawai ya yi magana, da ya ga zaren a kan yatsana. Ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya tayar da mota tun daga Wudil?" Na ɗaga kai alamar e. Daga gida aka kawo mana fura da nono. Bayan la'asar Kano suka bugo suka ce haske ya wuce.

Da muka rufe akwatunan haɗi muka mayar da ƙasa, injiniya ya cire wasa ya yi wa Kawu bayani. Dole ya kai rahoton abin da ya faru. Ƙa'idar kamfani kuma, in aka yanke kebul a cikin gona, kuma aka samu an taɓa turaku, ita ce a nemi hukuma ta share wurin tun daga titi har zuwa kan layin, a zuba kankare a saman kebul, a hana noma a tsakanin. Wato gaban gonar Kawu duka zai tafi, har da ɗorawar.

Wannan gaban shi ne ran gonar. Nan ruwan titi ke gangarowa ya kwanta, nan gero ke fin ko'ina tsayi. Ɗorawar kuwa mahaifinsa ya tarar da ita ya bar masa, daga kalwarta matan gidan ke yin daddawa. Titi ya riga ya ci wani yanki na gonar tun zamanin da aka faɗaɗa shi. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kyauta," ya naɗe buzunsa.

A mota direba ya ce, "Oga, ka rubuta zaizayar ruwa ce mana. Wa zai zo ya duba? Damina ce fa."

Injiniya ya dube ni. Na ce a rubuta gatari, domin gatari ne. In aka rubuta ruwa, za a aiko a gyara magudana, a bar turaku a inda suke, baɗi wani ya sake sara. Kuma Kawu da kansa, in ya ji an yi ƙarya don shi, ba zai sake cin abinci da ni ba. Injiniya ya ce zai rubuta gaskiya, amma a ƙasan rahoton akwai wurin shawara. In aka samu wata kariya da za ta riƙe kamar kankare, zai rubuta ta, ya tsaya a kanta. Shi dai bai san wata ba.

Ranar Asabar da hantsi muka taru a zauren mai unguwa, ni da injiniya da Kawu. Mai unguwa sa'an Kawu ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara, don haka ba ya raga masa.

"Alhaji mai igiya! Garin neman gira ka rasa ido. Da ka bar turakun mutane da karkatarsu, da yanzu kana cin rogonka."

Kawu ya ce, "Da wanda na bar wa amanar gona ya gaya mini inda aka bi da waya, da ban taɓa ba."

"Ka tambaye ni? Ka dawo da haƙorin Makka kana ta washe baki, wa ya isa ya gaya maka magana?"

Aka yi dariya, har Kawu ya murmusa. Sannan mai unguwa ya tambayi injiniya ko mayar da turakun wurinsu bai isa ba. Injiniya ya ce za a mayar, amma turken da ya tashi sau ɗaya zai iya sake tashi. Yau Baba ya sani, gobe wani ne zai yi huɗa, ya ga siminti ya tare masa shanu. Ofis ba za su yarda da turaku kaɗai ba.

Mai unguwa ya ja carbinsa. Can ya ce, "A ƙasar nan abu biyu ne manomi ba ya sa wa garma, ko shi kaɗai ne a daji: kabari da gamba."

Injiniya ya san gamba a matsayin ciyawar da ake saƙa zana da ita, amma a birni ya tashi, sai mai unguwa ya ƙara masa bayani. A wajenmu da gamba ake shata iyakar gona. Ana dasa ta a layi tsakanin maƙwabci da maƙwabci, ta yi tushe ta zauna shekara da shekaru. Da kaka a yanke ta a yi zana, da rani ko wuta ta cinye ta, ruwan farko na sauka za ta tsiro a inda take. Wanda ya tumɓuke gamba ya taɓa iyaka, wanda ya taɓa iyaka kuwa ya san abin da malamai suka faɗa a kansa, kuma ba zai sake zama cikin mutane da daraja ba. In aka dasa ta a saman kebul, babu ɗan ƙwadagon da zai kai mata diga.

Injiniya bai yi saurin murna ba, kuma na yaba masa. Ya ce sai ya ga saiwarta. Muka fita bayan gari, aka haƙa gefen wani tushe a iyakar gonar mai unguwa, da izinin maƙwabcinsa. Ya durƙusa ya duba. Saiwoyin sirara ne masu yawa kamar gashi, ba irin na itace da ke fasa abu ba. Ya ce waɗannan ba za su cuci kebul ba, za ma su riƙe ƙasar da ruwa ke kwashewa, wadda ita ta sa layin ya matso sama a wurin. Ya ce zai iya kai wannan shawara.

Sai Kawu ya ce bai yarda ba.

Ya ce, "Ku kuna ganin waya, ni ina ganin bayan raina. In na dasa gamba a tsakiyar gonata, na rubuta da hannuna cewa nan gonar ta ƙare. Yau kuna nan, kun san dalili. Ranar da babu ni, babu mai unguwa, gamba ce za ta yi magana. Mai shanu zai ce gaban burtali ne, mai shago zai ce filin titi ne. Kankare ya ƙwace mini yau, gamba ta ƙwace wa 'ya'yana gobe. Gara wanda zan gani da idona."

Gaskiya ya faɗa. Muka watse a haka. Injiniya ya ce zai riƙe shawararsa zuwa ƙarshen mako mai zuwa, daga nan ba shi da iko.

Ban je na roƙe shi ba. Ba a roƙon Kawu, kuma ni ba ni da abin da zan ƙara a kan abin da aka faɗa. Amma a tsakiyar makon na ɗauki hutun yini na tafi taya shi noman gero a gaban gonar, kamar yadda nake yi kowace damina. Muka yi aiki tun safe ba mu ta da maganar ba. Da rana ta take muka zauna a gindin ɗorawa. Yana kallon inda muka mayar da ƙasa, sai ya ce, "Ramin naku, faɗinsa nawa?"

Na nuna masa da hannu, kamar kamu ɗaya.

"In aka dasa a wannan gefe, aka dasa a wancan, wayar tana tsakiya?"

Na ce tana tsakiya, kuma ya fi ma, domin an tsare ta ta ko'ina.

Ya ce, "Tun kaka da kakanni iyaka layi ɗaya ce. Ban taɓa ganin gamba layi biyu ba, kai ma ba ka taɓa gani ba. Wanda ya ga biyu dole ya tsaya ya tambaya. In ya tambaya, za a gaya masa."

Daga nan ya jero sharuɗɗansa, yana lanƙwasa yatsu. Gambar iyakarsa ta gabas da ta yamma, wadda ta tsufa ta yi giɓi a wajen titi, za a cike ta har bakin kwalta, don kowa ya ga gonar ta wuce layi biyun. Za a dasa a gaban maƙwabtansa na kowane gefe da 'ya'yansu, ba dattawa kaɗai ba. Liman zai faɗa a masallaci bayan sallah. Gambar kuma in ta isa yanka tasa ce, kada wani Bazazzagi ya zo ya ce zanar kamfani ce.

Na kai wa injiniya. Ya rubuta, ya haɗa da hotunan saiwa, ya tafi Kano da kansa. Abin da ya faɗa musu ban sani ba, ban kasance a wurin ba. Ya dawo ya ce sun amince a gwada, bisa sharaɗin a mayar da turaku tsakanin layukan biyu, kuma in aka sake yankewa a wurin, kankare babu shawara.

Ranar dashe an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Maƙwabta suka zo da 'ya'yansu, kowa da tushen gamba da ya tsaga daga tasa iyakar. Injiniya ya zo da na'urar da ke gano inda kebul ya bi a ƙarƙashin ƙasa, yana tafe a hankali, ina bin sa ina kafa tsinke a duk inda ya nuna. Da muka kai ƙarshe muka waiwaya, tsinkayen sun yi baka kamar lauje.

Kawu ya riga ya ciro igiyarsa daga aljihu. Ya dubi tsinkayen, ya dubi igiyar.

"Ɗan nan, ba za a ɗan miƙar da shi ba? Ko kaɗan?"

Injiniya ya ce, "Baba, miƙewar ce ta kawo mu nan."

Mai unguwa ya ce, "Ku karɓe igiyar nan daga hannunsa kafin ya miƙar da titin ma."

Kawu ya naɗe igiyar a hankali ya mayar aljihu. Ya karɓi tushen farko, ya yi bismillah, ya dasa a gefen tsinke na farko. Ya bi lanƙwasar nan tsinke bayan tsinke, bai kauce ba, kuma tazarar da ke tsakanin kowane tushe da na gaba daidai take kamar an auna. Shi ne karkataccen layi ɗaya tilo da na san ya dasa a rayuwarsa. Rogonsa ya ja shi baya, aka haƙa sabon rami nesa da wurin. Da la'asar liman ya yi sanarwa.

Gambar ta kama. Kafin kaka, ta kai ƙugu, shekara ta gaba ta fi mutum tsayi, Kawu ya yanka ya saƙa zana ya kewaye turken tumakinsa, ya aika wa injiniya da zana ɗaya har ofis, wai kyautar ubangida ga bawansa. Ba a sake yanke kebul a wurin ba. Da wasu manoma na gaba, wajen Darki da kan hanyar Lajawa, suka ga an bar wa Kawu gonarsa, su ma da layi ya ratsa nasu suka nemi a zo a nuna musu inda ya bi, suka dasa. Ba ko'ina ba ne, kuma kamfani bai mai da shi doka ba. Injiniyan ma an yi masa canjin wurin aiki daga baya.

Kawu ya rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙansa. Ina wurin ranar da aka zo rabon gado. Malamin da aka ɗauko don ya auna gonar baƙo ne, daga wani gari. Ya fara daga ƙurya yana jan igiyar awo, da ya iso gamba sai ya tsaya, ya ce a rubuta nan ne ƙarshe. Kafin in buɗe baki, ɗan maƙwabcin gabas, wanda ya riƙe wa mahaifinsa tushen gamba ranar dashe, ya ce, "Malam, duba da kyau, biyu ce. Ta waya ce, ba iyaka ba. Gonar ta kai titi." Na yamma ya ce haka ne. Malamin ya leƙa tsakanin layukan, ya ga turke, ya tsallaka da igiyarsa har bakin kwalta. Gaban gonar da ɗorawar suka faɗa rabon 'ya'yansa mata, kuma har bana gero aka shuka a wurin.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, bakin hanyar ya soma canzawa. Ana sayar da gonaki ana yanka filaye, masu saye kuma daga nesa suke zuwa, wasu za su gina shaguna, wasu gidan mai, wasu ɗakunan haya na ɗalibai. Ba su ji sanarwar liman ba, kuma mai tuƙa motar haƙa ba ya sauka ya gaishe da kowa. A idonsu gamba ciyawa ce kawai.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu. In ka sayi fili ko aka ba ka aikin haƙa a gefen hanya a ƙasar Wudil, ka fara zagaya wurin da ƙafa. In ka ga gamba layi biyu, kada ka tumɓuke, kada ka haƙa tsakaninsu, kada kuma ka ɗauka nan gonar mutum ta ƙare. In ka ga turken siminti a karkace, ka bar shi a karkacensa. Ka nemi mai unguwa ko maƙwabcin wurin, ka yi sallama, ka tambaya, sannan ka ɗauki diga.